Yaushe gargaɗi kan nakasa yake zama cutarwa?

Malama, na karanta tambayarki, kuma zan maimaita ta a taƙaice saboda wanda bai gan ta ba. Kin ce kina tace wani littafi da ya tattara labaran rayuwar mutane goma sha biyu, kowane labari da hoton mai shi. A cikinsu akwai wani magidanci da aka yanke wa hannu bayan inji ya kama shi a wurin aiki, akwai wata malamar makaranta da gobara ta bar wa tabo a rabin fuskarta, akwai kuma wani saurayi mai in'ina. Abokin aikinki ya ba da shawarar a rubuta a gaban waɗannan labarai uku cewa "Gargaɗi: akwai nakasa da tabon ƙuna," domin kada mai karatu ya ci karo da abin da zai tayar masa da hankali. Zuciyarki ba ta kwanta da shawarar ba, amma kin rasa hujjar da za ki kafa, shi ya sa kike tambaya ko akwai lokacin da irin wannan gargaɗi yake cutarwa.

Akwai, kuma shawarar da aka ba ki tana cikinsa. Na shafe shekaru ina zama da mutanen da suka tsira daga gobara da hatsari, waɗanda likitan tiyata ya gama nasa aikin ya sallame su, amma aikin komawa cikin jama'a da sabuwar fuska ko sabon jiki bai ma fara ba. Abin da wannan aiki ya koya mini shi ne, gargaɗi yana da hurumin ambaton abin da ya faru da abin da aka aikata, amma ba shi da hurumin ambaton yadda mutum yake. Ana iya yi wa mai karatu gargaɗi cewa zai karanta yadda wuta ta ci gida da mutane a ciki. Ba a yi masa gargaɗi cewa zai ga fuskar wadda ta fito daga wutar da ranta.

Yana da kyau a fara tuna inda wannan ɗabi'a ta samo asali, domin niyyar farko kyakkyawa ce, kuma ban yarda da masu yi mata ba'a ba. A 1980 ne ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da ciwon firgicin da ke biyo bayan masifa cikin kundinta na cututtuka, wato ciwon da ake taƙaita sunansa da PTSD. Mai wannan ciwo yakan ji wani sauti ko wari, ko ya karanta wani bayani, sai abin da ya same shi ya dawo masa sabo fil, zuciya ta yi ta bugawa, gumi ya karyo, kamar yanzu abin yake faruwa. Daga ƙarshen shekarun 1990 matan da ke rubuta labarin fyaɗen da aka yi musu a intanet suka fara sa gajeren gargaɗi a saman rubutunsu, don 'yar'uwarsu da irin haka ta sama ta zaɓi lokacin da za ta karanta, ko ta wuce. Abin lura shi ne, abin da suke ambata aiki ne da wani ya aikata wa wata. Daga baya ɗabi'ar ta bazu zuwa jami'o'i da kamfanonin buga littattafai da manhajojin sada zumunta, jerin abubuwan da ake ambata ya yi ta tsawo, har aka wayi gari makanta da gurguntaka da tabo da ƙiba sun shiga sahu ɗaya da kisan kai da azabtarwa.

A nan ne cutarwar ta farko take. Kalmar gargaɗi ba ta zuwa ita kaɗai, tana ɗauke da hukunci. A rayuwar yau da kullum muna gargaɗi ne kan rami a hanya, da wayar lantarki da ta saɓule, da guba a cikin kwalba. Duk abin da aka sa wa wannan kalma an riga an ajiye shi a rukunin abubuwan da ake gudu. Wanda ya rubuta gargaɗin yana hango mai karatu ɗaya ne, wato mai cikakkiyar lafiya da ake so a kare, ya manta cewa mai nakasar ma yana karatu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2022 cewa mutum biliyan 1.3, kimanin kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya, suna rayuwa da nakasa mai tasiri. Ke nan a cikin kowane mutum shida da za su buɗe littafinki, kusan ɗaya zai iya ganin kansa a cikin jerin abubuwan da aka ce a yi hattara da su. Ki ɗauka ke ce ke zaune a keken guragu, kika buɗe shafi kika ga an rubuta "kisan kai, fyaɗe, nakasa." Biyu na farko laifuffuka ne da ake ɗaure mutum a kansu. Na uku ke ce.

Akwai wata baiwar Allah da na daɗe ina zama da ita, wadda tukunyar gas ta fashe da ita tana ɗalibar jami'a. An yi mata dashen fata sau da yawa, gefen bakinta na hagu ya ɗan ja zuwa ƙasa, kunnenta ɗaya ya naɗe. Kusan shekara biyu muka yi kafin ta yarda ta fita ba tare da ta ja mayafi ta rufe wannan gefen ba. Mun fara da tsayuwar minti biyar a bakin ƙofa, sannan tafiya zuwa ƙarshen layi, sannan shiga motar haya, tana koyon abin da za ta ce wa yaron da ya ƙura mata ido da abin da za ta ce wa babban da ya kawar da kai. Ranar da ta karɓi takardar kammala karatunta ta ɗauki hoto da rigar yaye ɗalibai, fuska a buɗe, ta sa a shafinta. Cikin masu taya murna sai wata ta rubuto mata, cikin ladabi kuwa, har da addu'ar Allah ya ƙara sauƙi, cewa don Allah nan gaba ta riƙa sa gargaɗi kafin irin wannan hoto, domin akwai masu raunin zuciya. Da ta zo wurina ta ajiye wayar a kan tebur, ta juyo mini da ita, ta ce, "Zagi na saba da shi, na san yadda zan yi da shi. Wannan fa? Roƙona take yi in nemi izini kafin a gan ni." Ta goge hoton a daren. Mayafin ya koma inda yake, kuma sai da muka ƙara wasu watanni kafin ya sake sauka.

Har yau idan na tuna da wannan saƙo raina yana ɓaci, duk da na san wadda ta rubuta shi ba muguwa ba ce. Ladabin da ke cikinsa shi ne ya sa ya yi zurfi. Mai zagi ya nuna kansa maƙiyi, ana iya toshe shi a wuce. Mai neman gargaɗi kuwa yana magana ne da harshen tausayi da kula da lafiyar jama'a, sai ya bar wanda aka yi wa maganar yana tuhumar kansa ko shi ne marar tausayi da yake yawo da fuskarsa a fili.

Wannan tunani, cewa jikin wasu mutane abu ne da ya kamata a kare idon jama'a daga gare shi, ya girmi intanet nesa ba kusa ba. A 1867 birnin San Faransisko na Amurka ya kafa dokar da ta hana masu wata irin nakasa bayyana a tituna, Shikago ta bi sahu a 1881 da dokar da ta haramta wa duk wanda cuta ko rauni ya sauya wa kamanni har ya zama abin ƙyamar kallo ya nuna kansa a bainar jama'a. Ba a soke ta Shikago ba sai a 1974. Su ma masu kafa waɗannan dokoki hujjarsu ita ce kwanciyar hankalin mai wucewa. A 2009, lokacin da BBC ta ɗauki Cerrie Burnell, wadda aka haifa da hannun dama da ya tsaya ƙasa kaɗan da gwiwar hannu, ta gabatar da shirin yara a talabijin, wasu iyaye sun kai ƙorafi cewa za ta tsorata 'ya'yansu. Gidan talabijin ɗin bai janye ta ba, ta ci gaba da aikin shekaru da dama. Da an bi ra'ayin masu ƙorafin aka sa gargaɗi kafin shirin, da darasin farko da yaro ɗan shekara huɗu zai koya game da mai dungulmi shi ne cewa abin tsoro ce. Yaro yana tambaya ne kawai, ina hannunta, a ba shi amsa ya koma wasansa. Tsoron a fuskar manya yake karanta shi.

Cutarwa ta biyu ba a zuciya take ba, a aljihu take da kuma murya. A manhajojin sada zumunta gargaɗi ba rubutu ba ne kawai, umarni ne ga na'ura. Tun 2017 Instagram ta fara lulluɓe wasu hotuna da hazo, sai mutum ya danna kafin ya gani, kuma abin da aka yi wa irin wannan alama yawanci ba ya yaɗuwa kamar sauran, masu talla ma suna gudunsa. A watan Disamba na 2019 jaridar intanet ta Jamus mai suna Netzpolitik ta bankaɗo takardun cikin gida na TikTok da suka nuna an umarci masu tantance bidiyo su taƙaita yaɗuwar bidiyon mutanen da ake ganin suna da nakasa, har da masu tabon fuska da masu lalurar Down, wadda ake haifar mutum da ita tana shafar kamanninsa da saurin koyonsa. Kamfanin ya amsa cewa ya yi haka ne don ya kare su daga masu cin zarafi, ya kuma yarda cewa hanyar ba daidai ba ce. Garin gyaran gira aka rasa ido: maimakon a hukunta mai cin zarafi, sai aka ɓoye wanda ake ci wa zarafin. Mai koyar da ɗinki da hannu ɗaya, ko mai sayar da kaya da ke tallata su da fuskarta mai tabo, idan aka lulluɓe hotonsu an rage musu masu saye, kuma ba wanda zai aiko musu da takarda ya gaya musu dalili.

Abokin aikinki zai iya cewa duk da haka akwai wanda gargaɗin zai amfana, kuma ya kamata a auna amfanin da illar. Gaskiya ne ya kamata a auna, sai dai binciken da aka yi bai nuna amfanin da ake zato ba. A 2018 Benjamin Bellet da Payton Jones da Richard McNally na Jami'ar Harvard sun ba mutane wasu sassan adabi masu tayar da hankali su karanta, wasu da gargaɗi wasu babu, sai suka ga waɗanda aka yi wa gargaɗin sun fi ɗaukar kansu da sauran mutane a matsayin masu rauni da masifa za ta iya karyawa. A 2020 suka maimaita gwajin da mutum 451 da masifa ta taɓa samu da gaske. Gargaɗin bai rage musu damuwa ba, ya ma ƙara musu jin cewa masifar ita ce ginshiƙin rayuwarsu, wanda kuwa duk mai aikin jinyar irin wannan ciwo ya san hanya ce da ke jinkirta waraka. A 2023 Victoria Bridgland ta Jami'ar Flinders da ke Ostireliya, tare da Jones da Bellet, suka tattara sakamakon bincike 12 wuri ɗaya, suka ga gargaɗi ba ya sauya yadda mutum yake ji bayan ya ga abin, amma yana ƙara masa fargaba kafin ya gani.

Ba na kawo waɗannan don in ce a daina gargaɗi gaba ɗaya. Mutum yana da haƙƙin sanin abin da zai karanta, ko da sanin ba zai rage masa ɗacin karatun ba, kamar yadda majinyaci yake da haƙƙin a gaya masa allura za a yi masa. Abin da nake so ki riƙe daga binciken shi ne wannan fargaba ta kafin gani. Idan abin da ke bayan gargaɗin bayanin kisan gilla ne, fargabar ta dace da abin. Idan kuwa fuskar malamar makaranta ce tana murmushi a gaban allo, to an koya wa mai karatu ya ɗaure fuska ya shirya wa abin tsoro, sannan aka nuna masa mutum. Ya riga ya gan ta da idon da aka ara masa. Masana halayyar jama'a tun daga Gordon Allport a 1954 suna nuna cewa cuɗanya tsakanin mutane tana rage ƙyama, kuma a 2006 Thomas Pettigrew da Linda Tropp sun tabbatar da haka bayan sun duba bincike 515. James Partridge, wanda mota ta kama da wuta da shi a 1970 yana ɗan shekara 18, kuma ya kafa ƙungiyar Changing Faces mai tallafa wa masu tabon fuska a Birtaniya a 1992, a kan wannan fahimta ya gina aikinsa, har ya karanta labaran rana a talabijin na mako guda a 2009 domin mutane su saba da ganin irin fuskarsa tana yin aikin da kowace fuska ke yi. Sabo ne maganin ƙyama, gargaɗi kuwa yana hana a saba.

Akwai gargaɗin da masu nakasa da kansu suke nema, kuma idan kika dube shi za ki ga layin da nake ja. A ranar 16 ga Disamba 1997 wani shirin zane na yara a talabijin ɗin Japan ya nuna walƙiyar ja da shuɗi da ke sauyawa da sauri na 'yan daƙiƙoƙi, aka kwashi yara 685 zuwa asibiti. Wasu masu farfaɗiya walƙiyar haske tana tayar musu da ciwon, shi ya sa ƙa'idojin tsara shafukan intanet suka hana abin da ke walƙiya fiye da sau uku a cikin daƙiƙa ɗaya, shi ya sa kuma ake sanarwa kafin fim ko wasan da ke da irin wannan haske. Haka sanarwa kan ƙara mai ƙarfi ta ba-zata. Wannan gargaɗi yana ambaton abin da zai taɓa jikin mai kallo kai tsaye, kuma yana buɗe wa mai farfaɗiya ƙofar shiga cikin jama'a da kwanciyar hankali. Wancan kuwa yana ambaton mai farfaɗiyar ne a matsayin abin da za a kauce wa.

Yanzu ga inda maganar take da wuya, kuma ba zan ɓoye miki wuyar ba. Na zauna da mutumin da ya rasa iyalinsa a gobara, wanda ganin tabon ƙuna a jikin wani yakan mayar da shi daren da abin ya faru. Ciwonsa gaskiya ne, ba shagwaɓa ba ce. To, ga mutum biyu da wuta ɗaya ta cutar, ɗaya yana buƙatar kada a ba shi mamaki, ɗaya tana buƙatar kada a mayar da ita abin mamaki. Abin da na gani yana aiki shi ne a ba shi labarin abin da ke ciki ba tare da an yanke mata hukunci ba. Idan a shafin abubuwan da ke ciki aka rubuta "Labarin malamar lissafi da ta tsira daga gobara ta koma aji," ya samu duk abin da yake buƙata don ya yanke shawara, ya karanta yau ko ya bari sai ya shirya. Bayani ne, irin wanda za a yi wa sauran labarai goma sha ɗaya, ba a ware ta da jan alƙalami ba. Wannan bayanin kuma yana da wani amfani da gargaɗi ba shi da shi: yarinyar da ke kwance a sashen masu ƙuna tana neman wadda ta riga ta bin wannan hanya, da shi za ta gano labarin.

Sannan a sani cewa abin da ke tayar da ciwon firgici ba ya bin jerin da edita zai iya rubutawa. Wani warin fetur ne, wani ƙarar murfin tukunya, wani wata waƙa da ke tashi a rediyo lokacin da abin ya faru. Gudun duk abin da ke tuna wa mutum masifar yana cikin alamomin ciwon kansa, jinyar da ta fi inganci kuwa ita ce wadda ke mayar da shi kusa da abin sannu a hankali, tare da ƙwararre, har tsoron ya sake shi. Mutumin da na ambata bai warke ta hanyar ɓoye masa masu tabo ba. Ya samu sauƙi ne a lokacin da ya iya zama ɗaki ɗaya da su ya sha hira.

Wuri na biyu mai wuya shi ne tabon da mutum ya yi wa kansa. A watan Fabrairu na 2019 Instagram ta hana hotunan da ke nuna cutar da kai ƙarara, bayan mutuwar wata yarinya 'yar shekara 14 a Ingila da aka gano ta daɗe tana kallon irin waɗannan hotuna. Matakin yana da hujja mai ƙarfi. Amma ba a daɗe ba mutanen da suka warke shekaru da yawa suka fara kokawa cewa ana goge ko lulluɓe hotunansu na yau da kullum don kawai tsohon tabo ya fito a damtsensu. Ni a wurina bambancin a bayyane yake: sabon rauni da jini da bayanin yadda aka yi shi abu ne da zai iya jan mai rauni ya kwaikwaya, don haka ya cancanci gargaɗi, wani lokaci ma cirewa. Tabon da ya warke kuwa fatar mutum ce, da ita zai je aiki, da ita zai ɗauki ɗansa. Haka batun ƙiba yake. Mai fama da ciwon ƙin cin abinci abin da ke cutar da shi shi ne lissafin nauyi da dabarun horar da kai da yunwa, waɗannan a ambace su. Hoton mai jiki tana rawa ko tana iyo ba ya bukatar komai a gabansa. Zabiya da wada da mai tsagaggen leɓe da wanda launin fatarsa ya rarrabu duk hukuncinsu ɗaya ne.

Wani kuskure da nake yawan gani shi ne a rubuta "nakasa" alhali abin da ake nufi shi ne wulaƙancin da aka yi wa mai nakasar. Idan labari ya nuna yadda aka kulle kurma a ɗaki, ko aka yi ta kwaikwayon mai in'ina ana dariya, abin da ke da zafi a ciki shi ne kullewar da dariyar. Sai a rubuta "akwai cin zarafi da tsangwama." Idan aka rubuta sunan nakasar a wurin, an ɗauke laifin daga kan wanda ya aikata an ɗora wa wanda aka yi wa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa, wadda aka amince da ita a 2006 ta fara aiki a 2008, a sashe na 8 ta ɗora wa ƙasashe nauyin yaƙi da mummunan zato game da masu nakasa da ƙarfafa wa kafofin watsa labarai gwiwa su nuna su yadda ya dace da mutuncinsu. Kalma ɗaya a saman shafi tana iya yin aikin da wannan sashe yake nema, tana kuma iya rusa shi.

Mu dawo kan labaranki uku. Na saurayi mai in'ina ba ya buƙatar komai, sai idan ya ba da labarin duka ko muzgunawa mai tsanani, a nan sai a ambaci muzgunawar. Na magidancin ya danganta da yadda ya rubuta shi. Idan ya tsaya ya siffanta yadda injin ya ja hannun, da jinin, da abin da ya gani kafin ya suma, ya dace a ce "akwai bayanin hatsari da rauni dalla-dalla," har a faɗi shafin, domin wanda ba zai iya ba ya tsallake wannan sashe ya karanta sauran, inda mutumin ya koyi ɗaura hannun roba da ɗaure igiyar takalmi da komawa neman abincin iyalinsa. Idan kuwa da jimla ɗaya ya wuce hatsarin, babu abin gargaɗi. Na malamar ma haka ne: daren gobarar, idan ta faɗe shi filla-filla, a ambace shi da sunansa, wato gobara. Hotonta kuwa a sa shi da girman da aka sa na kowa, a inda aka sa na kowa, ba hazo, ba a tura shi shafin baya ba. Ki kuma duba sauran labarai tara da wannan ma'auni, domin zai yiwu a cikinsu akwai mutuwar ɗa ko dukan miji da ba wanda ya yi tunanin ambata, saboda masu labarin jikinsu bai ja ido ba.

Kafin a kai littafin ɗab'i, ki aika wa kowane ɗaya daga cikin mutum goma sha biyun shafinsa kamar yadda zai fito, da hoton da duk abin da aka rubuta a samansa, ki tambaye shi ko ya yarda. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Zai yiwu malamar ta ce ita da kanta tana son a sanar da mai karatu wani abu, kuma idan ta faɗa da bakinta wannan haƙƙinta ne. Sai dai ki saurara da kyau ki ji ko zaɓi take yi ko haƙuri take bayarwa, domin da yawa daga cikin waɗanda nake zama da su sun saba ba da haƙuri kan kamanninsu tun kafin a nema. Idan kika ji alamar haƙuri ne, ki gaya mata cewa a wurinki hoton ba ya buƙatar komai a gabansa, sannan ki ba ta kwana biyu ta sake tunani kafin ta ba ki amsa.